Da Wane Mudu Ake Auna Aikin Masani?

A kowace shekara, idan lokacin ƙarin girma ya zo a jami'o'in ƙasar nan, kwamiti yakan zauna, a jibge masa takardun malamai a gabansa, sa'an nan a shiga lissafi. Wane ya buga maƙala goma sha biyu, wane ya buga ashirin da ɗaya. Wannan an ambaci aikinsa sau ɗari uku, wancan ko sau hamsin bai kai ba. Tun da kwamfuta ta karɓi aikin ƙidayar abin ya ƙara sauƙi, domin kuwa shafin Google Scholar yakan jera wa kowane malami alkalumansa a gefe guda, kamar farashin hatsi a allon kasuwa. Wanda alkalumansa suka rinjaya shi ne masani, wanda nasa suka gaza kuwa sai ya jira baɗi.

Ƙidaya ba laifi ba ce. Amma mudun nan da ake awo da shi yana da ɓula a gindi, kuma babu inda ɓular ta fi fitowa fili kamar a wani fanni na ilmin fizik wanda kusan kowa ya ci moriyarsa ba tare da ya san sunansa ba, watau fannin ƙera shafen maganaɗisu mai tsananin siranta. Tarihin wannan fanni na shekara hamsin da suka wuce ya isa ya sa duk wanda ke zaune a kujerar kwamiti ya yi hattara.

Da farko ya kamata a san irin ƙanƙantar da ake magana a kai. Idan aka ɗauki mita ɗaya aka raba ta gida miliyan dubu, kashi ɗaya daga ciki shi ake kira nanomita. Kaurin silin gashin mutum yakan kai kimanin nanomita 80,000. To, masu wannan sana'a sukan shimfiɗa ƙarfe a kan ƙarfe falle-falle, kowane falle kaurinsa nanomita ɗaya ko biyu, watau ƙwayoyin zarra 'yan ƙalilan ke nan a kan juna. Ruwan zinariyar da maƙeri ke shafa wa zobe, in aka gwada shi da wannan, katanga ne. Bayan an shimfiɗa fallayen sai a zana musu siffa da haske ko da harbin ƙwayoyin lantarki, kusan yadda ake wankin hoto, a fitar da ɗigo-ɗigo da layuka da zobba waɗanda ido ba ya gani. Wannan aiki na biyu shi ne ƙirar nano.

Amfanin abin kuwa yana cikin faifan da kwamfuta ke ajiye bayanai. A kan faifan, kowane harafi da kowane hoto an rubuta shi ne da ɗigogin maganaɗisu, wannan ya fuskanci nan, wancan ya fuskanci can. Akwai wani ɗan kai mai karatu da ke shawagi a bisa faifan, kamar allurar garmaho, sai dai shi ba ya taɓa shi. Gwargwadon ƙanƙantar ɗigogin, gwargwadon yawan abin da faifai zai ɗauka, amma kuma gwargwadon raunin ƙarfinsu, har ya zamana mai karatun bai jin su. Faifan farko da kamfanin IBM ya fitar a 1956 ya fi tan guda nauyi, kuma abin da yake iya ɗauka bai wuce hoto ɗaya ko biyu na wayar hannu ta yau ba. Matsalar da ta tsaya wa masu ƙira a wuya shekara da shekaru ita ce yadda za a sami mai karatu mai kaifin ji.

A 1988 aka sami bakin zaren, a wuri biyu, ba tare da ɗaya ya san abin da ɗaya ke yi ba. Albert Fert da abokan aikinsa a Orsay, kusa da birnin Faris, suka jera fallayen baƙin ƙarfe da na kuromiyam bi da bi. Peter Grünberg kuma a cibiyar bincike ta Julich a ƙasar Jamus ya sa falle ɗaya na kuromiyam tsakanin biyu na baƙin ƙarfe. Abin da suka gani shi ne, idan maganaɗisun fallayen ƙarfen ya saɓa wa juna, wutar lantarki takan wuce da ƙyar. Da zarar an kusanto da wani maganaɗisu daga waje ya daidaita musu fuska, sai hanya ta buɗe. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin lantarki iri biyu ne ta wajen juyinsu, kuma kowane iri ya fi samun sauƙin ratsa fallen da fuskarsa ta dace da tasa. Tun a 1857 Baturen Birtaniya William Thomson ya lura cewa maganaɗisu yana canza turjiyar ƙarfe ga wuta, amma canjin ɗan kaɗan ne. A gwajin Fert turjiyar ta ragu da kusan rabi. A 2007 aka ba mutanen nan biyu kyautar Nobel, kuma babu mai hankalin da zai ce ba su cancanta ba.

Sai dai a 1988 ɗin, abin da suka gano bai fita daga ɗakin gwaji ba. Fert ya sami wannan babban canji ne a sanyin da ya kai digiri 269 ƙasa da sifiri, kuma hanyar da aka bi aka shimfiɗa fallayen mai tsada ce, mai cin lokaci, ba wadda masana'anta za ta iya ɗauka ba. Wanda ya ɗauko abin ya kawo shi kasuwa shi ne Stuart Parkin, wani Bature ɗan Ingila da a lokacin yake aiki a ɗakin binciken IBM na Almaden a Jihar Kalifoniya. Shi ya nuna cewa ana iya samun wannan hali da hanyar feshi, inda ake jifan dunƙulen ƙarfe da ƙwayoyin iskar gas har ɓurɓushinsa ya tashi ya sauka a kan abin da ake son shafewa, hanyar da masana'antu suka riga suka saba da ita. Ya yi ta haɗa ƙarafa iri-iri yana canza kaurinsu kaɗan-kaɗan, gwaji dubbai, har ya kai ga haɗin da ke aiki a zafin ɗaki. Aiki ne na haƙuri, irin wanda ba a yi wa kiɗa. A ƙarshen 1997 IBM ya fitar da faifan farko mai irin wannan kai, yana ɗaukar gigabayit 16.8, kuma cikin 'yan shekaru duk masu ƙera faifai suka bi sahu.

Parkin bai shiga rabon Nobel ba. An dai ba shi babbar kyautar fasaha ta ƙasar Finlan a 2014, da kuma kyautar Sarki Faisal ta Saudiyya a 2021. Amma shekara tara da ke tsakanin 1988 da 1997 su ne abin dubawa a nan. Da a ce wani kwamiti ya zauna a 1990 yana son ya san wanda zai canza duniya, alkaluman da ke gabansa ba za su gaya masa ba, domin abin da zai tabbatar da darajar aikin bai riga ya faru ba.

Labarin Michel Jullière ya fi wannan ban tausayi. A 1975, a garin Rennes na Faransa, wannan masani ya sa wani siririn falle marar ɗaukar wuta tsakanin fallayen maganaɗisu biyu, ya nuna cewa ƙwayoyin lantarki suna iya kurɗawa ta cikinsa, kuma yawan masu kurɗawar ya dogara ga fuskar maganaɗisun. Ya buga 'yar gajeriyar maƙala, duniya ta yi shiru. Gwajin yana bukatar matsanancin sanyi, maimaita shi yana da wuya, saboda haka aka bar shi a kan kanta kusan shekara ashirin. Sai a 1995 Jagadeesh Moodera a Amurka da Terunobu Miyazaki a Japan suka sami wannan hali a zafin ɗaki, a 2004 kuma Parkin da Shinji Yuasa, kowa da nasa rukunin, suka ninka ƙarfinsa da wani sabon falle. Tun daga tsakiyar shekarun 2000, kawunan karatun faifai sun koma kan hanyar Jullière, kuma har yanzu manyan rumbunan ajiyar bayanai na duniya, inda hotuna da wasiƙun jama'a ke kwance, sun dogara ƙwarai ga irin waɗannan faifai. A yau an ambaci maƙalar 1975 sau dubbai. Amma da a 1985 aka auna mai ita da mudun ƙidaya, da an ce bai kawo komai ba.

In mudu ya tsaya ga tauye mai gaskiya kawai, da da sauƙi. Yana kuma cika wa maƙaryaci. A ɗakin binciken Bell da ke Amurka an yi wani matashi Bajamushe mai suna Jan Hendrik Schön, wanda shi ma ƙananan na'urori da siraran fallaye ne sana'arsa. A 2001 an ƙiyasta cewa duk kwana takwas sai an buga maƙala mai ɗauke da sunansa, da yawa daga ciki a mujallun Science da Nature, waɗanda babu sama da su a duniyar kimiyya. Aka yi ta ambatonsa, aka yi ta ba shi kyaututtuka. Masana a wasu jami'o'i suka yi ta ƙoƙarin maimaita gwaje-gwajensa suna kasawa, suna zaton laifin hannunsu ne. Asiri bai tonu ba sai da wasu malamai suka zauna suka karanta maƙalun da idon basira, suka ga zane guda ya fito a gwaje-gwaje daban-daban, har 'yan karkace-karkacen da ba yadda za a yi su zo daidai sau biyu. Kwamitin bincike ya same shi da laifi a wurare 16 daga cikin 24 da aka duba, aka sallame shi a watan Satumba na 2002, aka janye maƙalunsa, a 2004 kuma Jami'ar Konstanz ta ƙwace digirinsa na dakta. Waɗanda suka kama shi karatu suka yi. Masu ƙidaya kuwa har ranar da aka kore shi alkalumansu yabonsa suke yi.

To, me ya sa jami'o'i suka rungumi ƙidaya haka? Akwai hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Eugene Garfield ya fara buga kundin ƙididdigar ambato a 1964 don ya taimaki masu bincike su bi sawun ilmi, su ga wa ya ɗora a kan wa. A 2005 Jorge Hirsch, malamin fizik a Kalifoniya, ya kawo awon da ake kira lambar h: wanda lambarsa ta kai 20, yana da maƙala ashirin ke nan waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau ashirin. A wurin da ake jin tsoron son kai da ubangida da ƙabilanci, lamba garkuwa ce ga marar galihu. Malamin da shugaban sashensa ba ya ƙaunarsa yana iya ajiye alkalumansa a kan tebur ya ce a musanta. Wannan gaskiya ne, kuma duk mai neman a jefar da ƙidaya gaba ɗaya bai san yadda ake zalunci a bayan ƙofa ba. Amma lambar da aka mai da ita tsanin hawa, nan da nan mutane kan koyi yadda ake sarrafa ta. A yanka aiki ɗaya gida huɗu, a sa sunan aboki shi ma ya sa naka, a biya kuɗi ga mujallar da ba ta duba komai sai rasit. Abin ya kai har a 2012 wasu editoci da masana suka haɗu a San Faransisko suka fitar da sanarwa cewa a daina auna mutum da martabar mujallar da ya buga aiki a ciki, a duba aikin kansa.

Ƙasar nan tana da ɗa a cikin wannan fanni, kuma tarihinsa ya fi kowane misali kusa da gida. Farfesa Adekunle Adeyeye ya sami digirinsa na farko a ilmin fizik a Jami'ar Ilori a 1990. Daga nan ya tafi Kambirij, ya gama digirin dakta a ɗakin binciken Cavendish a 1996, kwalejin Trinity ta zaɓe shi cikin matasan masu bincikenta, kwalejin da Parkin ma ya fito daga cikinta. Sa'an nan ya nufi Singafo, inda ya yi shekaru kusan ashirin yana koyarwa da bincike a babbar jami'ar ƙasar. A 2004 mujallar fasaha ta jami'ar MIT ta sa shi cikin matasa ɗari masu ƙirƙira a duniya, a 2020 kuma ya koma Ingila ya zama shugaban kwalejin Trevelyan ta Jami'ar Durham. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne ƙera jerin ƙananan maganaɗisai masu siffa ɗaya a kan fili mai faɗi, ta hanyar zane da haske irin wanda masana'antun kwamfuta ke amfani da shi. Muhimmancin faɗin filin shi ne, ɗigo ɗaya tak ƙarfinsa bai isa na'ura ta auna shi da kyau ba, amma idan aka sami miliyoyi iri ɗaya sak, sai a iya nazarin halinsu, har da yadda igiyar maganaɗisu ke ratsa su, abin da ake fatan wata rana zai ɗauki saƙo cikin na'ura ba tare da cin wuta mai yawa ba.

Duk wanda ya buɗe shafinsa zai ga maƙalu da yawa da ambato da yawa, ya ce madalla, ɗan ƙasa ya yi suna. Haka ne. Amma tambayar da ta kamaci ma'aikacin Gwamnati ita ce, me ya sa Singafo? Wannan tsibiri, a tsakanin shekarun 1980 da 1990, shi ke ƙera kusan rabin faifan kwamfuta na duniya. Gwamnatinsa ta ga haka ta kafa cibiyar binciken ajiyar bayanai da ta ƙananan na'urori, ta gina ɗakunan da ake tace iskarsu, inda mutum ba ya shiga sai ya rufe jikinsa daga kai har ƙafa, domin ƙwayar ƙura ɗaya a kan zanen nano daidai take da dutse a tsakiyar titi. Irin wannan ɗaki ba ya jure ɗaukewar wuta ko ta minti ɗaya: tukunyar da aka kwana ana zuƙe iskar cikinta, in famfo ya tsaya, aikin kwanaki ya lalace. Akwai kuma ma'aikatan da ke kula da injunan, waɗanda sunansu ba ya fitowa a kan maƙala. Ilori ta ba Adeyeye tushe, kuma tushen mai kyau ne, tun da ya tsaya da shi a Kambirij. Amma alkaluman da ake alfahari da su a ɗakunan Kambirij da Singafo aka haife su, kuma a lissafin martabar jami'o'in duniya can aka rubuta ladarsu.

A nan ne rashin adalcin mudun ya fi tsanani. An ɗauko awon da aka yanka wa mai ɗaki da injuna da wuta, an ɗora wa malamin da ke koyar da ɗalibai ɗaruruwa, wanda na'urar awo guda ɗaya da sashensa ke da ita ta lalace tun bara, an ce ya kawo maƙala kaza kafin a ƙara masa girma. Ba zai ƙi kawowa ba, domin yana da iyali. Abin da zai kawo ne abin tsoro: aikin da aka yi don a cika lamba, wanda ba wanda zai ɗora komai a kansa. Ɗalibin da ke kallon malaminsa kuwa zai tashi da fahimtar cewa kimiyya ita ce tara takardu, shi ma in ya sami kujera haka zai auna na bayansa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Kada ɗalibi ya ji wannan ya ce ke nan babu abin yi a gida sai an sami miliyoyin daloli. Shafen ƙarfe iri-iri ne, akwai waɗanda ake shimfiɗawa cikin ruwan magani a kwalba da kayan da ba su fi ƙarfin sashen jami'a ba, kuma ana iya yin aikin gaskiya da su in an auna da kyau an faɗi iyakar abin da aka gani. Ƙasar da ta iya riƙe tukunyar nukiliya ta bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 2004 ba za a ce ta kasa riƙe ɗaki mai tsabta guda ɗaya ba. Abin da ke kashe irin wannan niyya shi ne rabon kowa ya samu. In asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, zai sayi injin shafe, gara ya sayi cikakken jeri ɗaya da wutarsa da kayan gyaransa da albashin mai kula da shi, a ajiye a wuri ɗaya, malamai daga Sakkwato da Nsukka da Ilori su riƙa zuwa bi da bi, maimakon a raba wa jami'a goma rabin inji kowacce, a yanke kyalle a ɗauki hoto, bayan shekara biyu gizo-gizo ya yi saƙa a kai.

Su kuma kwamitocin ƙarin girma, ba a ce su rufe ido ga alkaluma ba. A bar su a shafin farko, su zama shaida a kan mai son zalunci. Amma a tilasta wa kowane mai nema ya zaɓi ayyukansa uku da ya fi amincewa da su, a aika wa masanan fannin a waje da jami'arsa, a biya su su karanta, su rubuta abin da aikin ya ƙara da wanda ya yi amfani da shi. A buɗe gurbi a takardar neman ga wanda ya haɗa na'ura da hannunsa, ko ya ta da wadda ta mutu, ko ya yaye ɗalibin da ya iya awo ba tare da an tsaya a kansa ba. A kuma yi wa ma'aikacin ɗakin gwaji tsanin girma nasa na kansa, don kada ya riƙa ganin ba shi da mafita sai ya bar injin ya bi sahun masu neman digiri. Wannan gyara na takardar ƙarin girma yana hannun majalisar kowace jami'a, ba ya bukatar kuɗin waje ko izinin wata ma'aikata, kuma ana iya sa shi cikin ajandar zamanta na gaba.